Harafi ɗaya ya kusa kashe mana kwamfuta

Laraba. Tun ƙarfe goma na safe data ta ƙare mana a ajin kwamfuta, sai na ce wa yaran yau ba ruwanmu da intanet, mu nemi bayani a cikin na'urar kanta. Na buga ls --help, wato na tambayi ls, umarnin da ke jero fayiloli, yadda ake amfani da shi, bayani ya zubo, kowa ya gyaɗa kai.

Can sai wata ɗaliba, wadda ba ta jin tsoron gwaji, ta tuna wani umarni da ke karɓar -h a matsayin neman taimako. Ta buga shutdown -h. Sai ga saƙo, kwamfutar za ta mutu nan da minti ɗaya, ga aikinta na tun safe ba ta adana ba.

"Malam, wallahi taimako na tambaya!"

Na yi wuf na buga shutdown -c, na soke kashewar. Hannunta na rawa a kan teburin.

Abin ya tsaya mini a rai har na sauka daga adaidaita a Kabuga, domin ba laifinta ba ne. A wajen df da du, masu auna wurin ajiya, -h na nufin a nuna girma da mega da giga. A wajen grep, mai neman kalma a cikin fayiloli, ɓoye sunan fayil yake yi. A shutdown kuwa kashewa ce. Ta yaya sabon shiga zai sani? Haka muka buga man cd a Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinmu, don man ya buɗe mana shafin jagoran cd, umarnin sauya folda, babu, sai help cd, saboda cd a cikin bash yake zaune, wato shirin da ke karɓar umarnin da muke bugawa. Ka kai ƙarshen man ls kuma, a ce maka cikakken bayani yana cikin info, wani shirin jagora daban.

Na san asalin abin. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun rubuta littafin jagoran Unix na farko a 1971, manhajar da waɗannan umarni suka samo asali daga gare ta. Daga baya GNU, aikin da ya samar da yawancin umarnin da ke cikin Ubuntu, ta shimfiɗa ƙa'idar kowane shiri ya amsa --help da --version, amma tsofaffin haruffan sun riga sun zama jiki, in aka taɓa su aikin mutane da yawa zai lalace. Na yarda. Sai dai mu nan, inda data ke da tsada, bayanin cikin na'ura shi ne malamin da yaro zai tafi da shi gida. Ga Turanci mai nauyi, misali kuma sai an kai ƙasan shafi, in ma akwai shi.

Bayan sallar isha'i na zauna na rubuta umarni ashirin da Hausa, kowanne da misali ɗaya da hanyar neman bayaninsa. Shutdown na sa a farko, na ja masa layi da jan biro.