Laraba: taswirar Baffa ta fito a kife

Da hantsi, ina zaune a shagonmu na ɗab'i da ke Zoo Road, Baffa ya shigo da filashi ɗauke da fayil goma sha biyu, kowanne sunansa ya ƙare da .plt. Taswirorin gidaje ne da ya zana kafin ya yi ritaya, kuma yana so a saka su a manhajar kwamfutar tebur da ɗansa ke nuna wa magina aiki da ita, ta yadda ko an faɗaɗa su ba za su dagule ba.

Na buɗe ɗaya a Notepad na juya masa allon. Na ce, "Baffa, ai wannan ba hoto ba ne, umarni ne ake bai wa alƙalami." Harshen shi ne HPGL, wanda kamfanin Hewlett-Packard ya fito da shi a 1977 domin injunan zane masu riƙe alƙalami. PU na nufin ɗaga alƙalami, PD na nufin sauke shi kan takarda, SP kuma zaɓen alƙalami ne, sai lambobin da ke faɗin inda zai dosa. Saboda haka na zaɓi in mayar da fayilolin zuwa tsarin hoto na SVG, domin shi ma layuka yake adanawa da lissafi, saɓanin PNG da ke tara ɗigo-ɗigo waɗanda ke fashewa da zarar an matso kusa.

Manhajar zane ta Inkscape tana iya karɓar irin wannan fayil, amma na gwammace in rubuta ɗan gajeren shiri da Python, wanda ke mayar da kowane PU zuwa M, kowane PD zuwa L, wato umarnin SVG na matsawa ba tare da zane ba da na jan layi. Ma'aunin bai ba ni wahala ba, tun da taku 40 na injin ne ke yin milimita ɗaya, wato faɗin takardar A1 mai milimita 841 ya kama taku 33,640.

Bayan azahar zanen farko ya fito, amma a kife, kibiyar arewa tana kallon ƙasa. Baffa ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, ka mayar mini da zaure bayan gida." Laifina ne, domin na manta cewa injin zane yana fara ƙirga daga kusurwar hagu ta ƙasa ya yi sama, SVG kuwa daga ta sama yake farawa ya gangaro. Da na ɗebe kowace lambar tsaye daga tsayin takardar, gidan ya miƙe.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne kaurin layi. Fayil ɗin ya ce SP1 da SP2 ne kawai, bai faɗi kauri ba, domin a wancan zamani kaurin yana bakin alƙalamin da aka ɗaura wa injin. Nan lissafina ya ƙare, sai tunanin Baffa, wanda bai ko yi jinkiri ba ya ce na ɗaya milimita 0.7 ne na bango, na biyu milimita 0.25 na layukan awo. Da na saka su haka, katangu suka fito sosai daga cikin sauran layukan.

Kafin magariba na gama tara, na kuma fitar masa da kwafin EMF domin sakawa a Word. Sauran ukun suna da rubutun LB, wato umarnin rubuta kalmomi a kan zane, da ya zame daga wurinsa, sai gobe in Allah ya kai mu.