Lambar yabo ga waɗanda ba sa hawa doki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya san inda idanun jama'a suke karkata, wato kan hakimai da rawunansu, da 'yan lifidi, da dogarai cikin jan kaya da kore, da mahayan da suke zuwa a sukwane su ja linzami a gaban Sarki su yi jahi. Wannan ƙasaita ce ta sa hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. Sai dai akwai wasu mutane da hawan ba zai ƙare lafiya ba idan babu su, kuma maroƙi bai taɓa kiran sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Saboda su ne ƙungiyar matasan unguwarmu take shirya ɗan taro duk shekara bayan an gama hidimar Sallah, inda take ba da lambar yabo ga masu aikin sa kai. Kyautar ba ta taka kara ta karya ba, domin ba ta wuce takardar shaida da turmin shadda ko atamfa ba, amma waɗanda suke karɓa sun cancanta. A cikinsu akwai ɗan agajin da yake wuni a rana cikin kakinsa yana tare 'yan kallo da igiya don kada doki ya tattake yaro, akwai masu ɗauko wanda ya suma saboda ƙishirwa da cunkoso su kai shi inuwa su yayyafa masa ruwa, akwai kuma matan da suke riƙe yaran da suka ɓace, suna lallashinsu da alewa har iyayensu su zo nema bayan magariba. Wanda ya fi burge ni shi ne wani dattijo da yake cika randuna da ruwa a ƙofar gidansa tun da asuba, duk mai wucewa ya sha, har zagagen da suke janye da dawaki sukan tsaya su jiƙa maƙogwaro.

Abin da nake jin tsoro shi ne halin da irin waɗannan lambobi suke faɗawa da zarar sun yi suna. Sannu a hankali sai a fara cewa a karrama Alhaji wane domin shi ya biya kuɗin rumfa da kujeru, ko a gayyaci ɗan siyasa ya zama babban baƙo, kafin a ankara sai mai igiya ya koma kujerar baya yana tafa wa wanda ko ƙurar hawan bai shaƙa ba. Mai bayar da gudummawa yana da haƙƙin a gode masa a bainar jama'a, amma godiya daban, lambar aikin sa kai daban.

Shawarar da zan kai gaban shugabannin ƙungiya ita ce a bar zaɓen a hannun waɗanda suka yi aikin, domin su suka san wanda ya tsaya har aka watse da wanda ya sulale tun la'asar. Haka kuma, kuɗin da ake kashewa wajen buga manyan hotuna da hayar lasifika gara a sayi bandeji da igiyoyi da jarkokin ruwa da su kafin Sallar baɗi.