Makulli biyu na rumbunmu

Shekarata ta uku ke nan ina ma'aji a ƙungiyarmu ta taimakon marasa ƙarfi a Garin Malam, nan Damagaram. Aikinmu bai da yawa. Da kaka muna sayen hatsi a kasuwar Dole yana araha, mu zuba a rumbu, in damina ta kama gidaje sun ƙare abinci mu sayar da tiya a farashi mai sauƙi.

Mu bakwai ne a biro, wato kwamitin gudanarwa, babban taron mambobi ke zaɓen mu. Takardunmu sun bi dokar ƙungiyoyi ta 1984, amma gaskiya abin da ke riƙe da mu shi ne makulli biyu. Ɗaya na aljihuna, ɗaya na wurin wata hajiya mai binciken asusu, wadda ba ta cikin biro. Ba a buɗe rumbu sai mu biyun muna tsaye, kuma jika ɗaya ba ta fita sai da sa hannun shugaba da nawa.

Bara shugaba ya roƙi a ba ƙanensa buhu biyu bashi. Dattijo ne, sa'an mahaifina. Na rasa bakin magana. Hajiya ce ta ce: “Alhaji, ka yi haƙuri, a kai maganar taron biro, kuma ka fita waje in za a ɗaga hannu.” Ya fita. Huɗu suka ƙi, biyu suka yarda, ina cikin biyun, don kunya. Sakatare ya rubuta sunayenmu duka a littafi.