Majajjawar Baba Alhaji da abin da na zo nema a Marwa

Shekarata huɗu ke nan a Marwa, arewacin Kamaru. Daga Zariya na zo da digirin dakta a fisiks, ɓangaren lissafin ƙwayoyin da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta. Farko na sha wuya. A aji Faransanci, a kasuwa Fillanci, Hausa sai na koma gida wajen mai gidan da nake haya. Ranar da na rubuta 2.5 a allo ɗalibai suka yi tsuru-tsuru, ashe a nan waƙafi ake sawa, 2,5. Har yau hannuna yakan manta.

Mai gidan, Baba Alhaji, tsohon ɗan kasuwar fata ne. Wata rana da yamma muna zaune gindin darbejiya, wuta ta ɗauke, ya ce, "Ɗana, wai me kake nema a takardun nan har tsakar dare?"

Na ce, "Baba, ka san majajjawar da yara ke korar tsuntsaye da ita a gona? In an juya ta da ƙarfi, igiya ce ke riƙe dutsen. To taurarin da ke gefen manyan gungun taurari suna gudu fiye da yadda nauyin abin da muke gani zai iya riƙe su, amma ba su fizge ba. Akwai igiyar da ido ba ya gani."

Ya yi shiru, can ya ce, "Allah mai iko."

Wannan ɓoyayyen abu mai nauyi da ke riƙe taurarin, wanda ake kira "dark matter" da Turanci, shi ne aikina. Masanin taurari Fritz Zwicky ya fara hango shi a 1933, wata masaniyar taurari Vera Rubin ta ƙarfafa hujjar a shekarun 1970. Nauyin ɓoyayyen abun ya ninka na duk abin da muke iya gani wajen sau biyar, kuma har yanzu ba wanda ya kama ƙwayarsa, ko a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi da ke Janeba, ko a tankin sinadarin zinon da aka ajiye don tarkonsa ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya.

Abokaina na gida suna ganin na binne kaina. Ban yarda ba. Mai lissafi biro da takarda da intanet yake bukata, kuma maƙalar da ta fito da safe a arXiv, shafin da masana ke saka sababbin maƙaloli, ni da na Amurka rana ɗaya muke karanta ta. Abin da ke damuna shi ne rashin abokin musu, wanda zai duba lissafina ya ce ga inda na kauce. Shi ya sa nake zama da ɗalibai uku duk ranar Asabar. Ɗaya, 'yar Kuseri, ta tsinci kuskuren alama a shafina na bakwai makon jiya, kuma zafin watan Afrilu bai hana mu sake lissafin tun daga farko ba.