Na je Gwanja ina kwance

Wata bakwai na yi ban taka ƙasa ba. Motar haya ce ta kife da mu tsakanin Kano da Zariya, taya ta fashe, ni kuma ina gefen da ya daki kwalta. Ƙashin cinya ya karye gida biyu, ƙugu ya tsage. Aka sa mini ƙarfe, aka sallamo ni gida, likita ya ce kwanciya rigingine sai abin da hali ya yi.

Masu dubiya ba su yanke ba, Allah ya saka musu. "Sannu Malam, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Ni kuma, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Gaskiya nake faɗa, amma rabinta. Ɗaya rabin, wato abin da magidanci ɗan shekara arba'in yake ji sa'ad da ƙaninsa ya tura masa fo ya kau da kai, ba ni da wanda zan gaya wa. Ko a raina na faɗa sai in ji kamar na yi wa Ubangiji butulci.

Kawuna, mai sayar da goro a Mariri, yakan zo duk Juma'a bayan masallaci. Shi ba ya tambayar jiki. Sai ya zauna ya ɓare goro, ya shiga labarin kakansa Ba'agale da ya yi fataucin Gwanja: yadda ayari ke tashi daga Kano da kanwa da riguna da jan fata a kan jakuna, a haye Kwara, a ratsa Bargu ana ɗar-ɗar da 'yan fashi, a wuce Yandi, a sauka Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, bayan wata biyu ko uku. Wani dare barci ya ƙi zuwa, na ɗauki waya na fara rubuta tafiyar da babban yatsa. Sau biyu wayar ta suɓuce ta faɗo mini a hanci.

Da farko shirme na yi ta yi. Na ajiye labarin a 1895, sai daga baya na karanta cewa yaƙin basasa ya watsa Salaga tun 1892, kuma ma tun da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 kasuwar goron Salaga ta fara ja baya. Dole na mayar da komai baya shekara talatin. Na kuma karanta wa Kawu wani wuri inda madugu ya zaro kuɗi daga aljihu ya biya fito. Ya yi dariya har da tari. "Kai ɗan nan, wane aljihu? Wuri ne fa. Keso guda, zambar ashirin, kayan ƙato ne." Shi ya koya mini cewa goro ba a barinsa a huhu a manta, sai an riƙa kwancewa a hanya, a tsince mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ganyen fita. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su suka riƙe ni. Ranar da nake neman sanin me jagaba yake yi wanda madugu ba ya yi, sai la'asar ta yi ban duba lokacin shan magani ba.

A babi na huɗu wani yaro ya shigo, ɗan dako, wanda ban shirya da shi ba. Kurkunu ya fito masa a idon sawu. Ana naɗe tsutsar a ɗan tsinke kaɗan-kaɗan kullum, in an yi gaggawa ta tsinke ƙafa ta kumbura. Ayari kuwa ba ya jiran mutum ɗaya. Aka bar shi a zango wajen fatoma, mai masaukin fatake, yana jin ƙarar kayan jakuna tana nisa. Na sa masa a baki duk abin da na kasa faɗa: haushin masu ƙafa, kunyar a ɗauke ka zuwa bayan gida, tsoron kada a saba da rashinka. Na rubuta shafi shida ban tsaya ba, hawaye na gangarawa cikin kunnuwana, don wanda ke rigingine nan hawayensa ke zuwa. Da a kaina nake rubutawa da ban iya ba. Shekara ɗari da sittin da ke tsakanina da yaron ita ta ba ni sarari.

Kada wani ya ce rubutu ya ɗora mini ƙashi. Ƙarfe da gashi da mai motsa mini ƙafa sau uku a mako su suka yi wannan, kuma akwai makonnin da ciwo ya hana ni ko layi ɗaya. Na kuma lura cewa abin da na rubuta cikin zafi yana bukatar aski sosai. Daga shafi shidan nan biyu suka tsira.

Ranar da na fara tsayawa da sanduna, taku tara na yi zuwa bakin ƙofa, na jiƙe da gumi. Da daddare na tayar da yaron, na haɗa shi da wani ƙaramin ayari mai komawa gida, yana ɗingishi a bayan jakin ƙarshe. Kawu ya ce ba madugun da zai karɓi gurgu kyauta, sai in nemo abin da yaron zai biya da shi. Har yanzu ban samo ba.