Ranar da na ƙi hawa lif a harabar jami'a

Babu wani abu wai shi lasisin foklif (injin nan mai cokula biyu a gaba da ake ɗaga kaya da shi) na gwamnati a Amurka. Na fara da wannan ne saboda 'yan'uwa da ke kirana daga gida suna tambaya ko su biya kuɗi a intanet su samu "satifiket na OSHA" kafin su taso. OSHA, hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ba ta ba kowa katin tuƙin foklif. Abin da dokarta mai lamba 1910.178 ta tanada, wadda sashen horonta ya fara aiki a 1999, shi ne wanda ya ɗauke ka aiki shi zai koya maka a aji, ya koya maka a kan injin, sannan wani masani ya tsaya ya kalle ka kana tuƙi a wurin da za ka yi aikin, ya sa hannu. Duk shekara uku a sake duba ka. In ka yi hatsari, ko ka kusa yi, ko aka canza maka irin injin, a sake tun kafin lokacin. Wanda bai kai 18 ba kuwa ko kujerar ba zai hau ba.

Ina aiki a sashen kula da gine-gine na wata jami'a a nan. Kafin nan na daɗe ina tuƙa foklif a wani sito, amma da na zo sai aka mayar da ni aji kamar ban taɓa ganin injin ba. Ban ji haushin wannan ba, domin harabar jami'a ba sito ba ce. A sito kowa ya san foklif da ƙafafun baya yake juyawa, kuma gindinsa na iya share mutum. A nan yaro ne zai fito daga laburare, kunnuwa a toshe, ido a waya, ya ratsa ta bayanka kamar babu kai. Ga ramukan bututun tururi da ke bi ta ƙarƙashin hanyoyin ƙafa, waɗanda ba kowanne ne zai ɗauki nauyin inji ba. Foklif mai ɗaga kaya masu nauyin fam 5,000 shi kansa yakan kai fam 9,000 ba kaya. Fam 5,000 ɗin ma sai in tsakiyar nauyin kayan bai wuce inci 24 daga gindin cokulan ba. Kawo doguwar akwatin na'urar ɗakin gwaji, lissafi ya canza. Duk wannan na ci jarrabawarsa ba wata wahala, haka ma na lif, wato injin da ke ɗaga ma'aikaci sama, mai almakashi da mai dogon hannu, da yake kowanne da nasa horon. Kati ya cika da sa hannu.

Abin da ya haɗa ni da oga ba a kan foklif ba ne, a kan lif ne, a makon yaye ɗalibai.

An ce a rataya manyan kyallayen maraba a gaban wani dogon gini da ke fuskantar filin taro. Lif ɗinmu na waje yana wurin gyara, sai aka yi haya. Da safe motar kamfanin ta sauke mana lif mai almakashi, na batir, siriri, irin wanda ake yi don ya shige ta ƙofar ofis. Faɗinsa bai kai ƙafa uku ba, amma yana miƙewa sama da ƙafa 25. Tayoyinsa ƙanana, farare, masu santsi, waɗanda ba sa ɓata daɓe. Ganin tayoyin nan ne ya sa na durƙusa na nemi ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikinsa. Sai da na goge ƙurar da babban yatsa kafin rubutun ya fito. Nauyin da zai ɗauka, adadin mutane, sannan layin iska: sifili. Na cikin gini ne kawai. Ba a yi shi don ya sha ko iskar da za ta kaɗa ganye ba.

Yawancin lif masu almakashi da aka yarda a fita da su waje iyakarsu mil 28 a awa, wato wajen kilomita 45. Wannan lambar kowa ya haddace ta a aji, har ta zama kamar ita ce doka ga kowane inji. Abin da mutane ke mantawa shi ne akwai waɗanda iyakarsu babu ko ɗaya, kuma daga nesa kamarsu ɗaya da sauran. Launi ɗaya, maɓallai iri ɗaya. Allon nan kaɗai ke rarrabe su, kuma yana can ƙasa inda sai ka sunkuya.

Na kira oga na nuna masa. Ya ciro waya ya buɗe hasashen yanayi, ya ce mil 14 ne, rabin iyaka. Na ce ranka ya daɗe, 14 ɗin nan a filin jirgin sama aka auna ta, ba a tsakanin gine-ginen nan biyu da iska ke matsewa ta fito da ƙarfi ba, kuma ba a ƙafa 25 sama ba. Ko ma 4 ce, wannan injin sifili aka rubuta masa. Sannan kyallen da za mu ɗauka ya fi ƙofa girma, da zarar mun buɗe shi a sama iska ta samu abin kamawa. Ya ce aikin minti ashirin ne. Na ce faɗuwa ba ta kai minti ɗaya ba. Ya ce to me ya sa aka ɓata kuɗi aka horar da ni in ba zan hau ba?

Wannan maganar ce har yau take ci mini rai. A wurinsa katin izinin hawa ne. Ni kuwa abin da aka koya mini a ajin da shi da kansa ya tura ni, rabinsa lokutan da ba a hawa ne.

Duk wanda ya yi horon lif a wata jami'a a ƙasar nan da wuya a ce bai ji labarin jami'ar Notre Dame da ke jihar Indiana ba. A ranar 27 ga Oktoban 2010, wani ɗalibi ɗan shekara 20 yana kan lif mai almakashi, wajen ƙafa 40 sama, yana ɗaukar bidiyon atisayen 'yan ƙwallon jami'ar, iska mai gudun fiye da mil 50 a awa ta kifar da injin, ya rasu. Hukumar jihar Indiyana ta ci jami'ar tarar dala 77,500, daga baya aka daidaita a kan 42,000, jami'ar kuma ta koma ɗaukar atisaye da kyamarorin da ake sarrafawa daga ƙasa. An nuna mana wannan a aji, ni da abokan aikina, kowa ya girgiza kai. Amma ga shi an zo makon biki, shugabanni na jira, iyaye na hanya, sai labarin ya zama na wasu can. Ban ce iskar ranar tamu ta kai ta ranar ba, ko kusa. Sai dai shi ma yaron ba wanda ya tura shi sama da niyyar ya mutu. Aiki ne ake so a gama.

Wani abokin aikina, mai kati irin nawa sak, ya ce shi zai hau. Ban riƙe shi ba, ba ni da ikon haka, na dai ce ni ba zan tsaya masa a ƙasa ba, kuma zan kira ofishin kiyaye haɗurra. Kafin su iso ya tura injin kan tubalin da aka shimfiɗa a gaban ginin. Wurin yana da ɗan gangare don ruwa ya wuce, ido ba ya ma gani sosai. Bai yi nisa sama ba ƙararrawar karkata ta fara ihu, injin ya ƙi ƙara ko taku. Sai na ji wani yana cewa a kawo katako a saka ƙarƙashin taya. Katako! A ƙarƙashin siririn inji mai mutum a kai, wanda in ya miƙe bai da maraba da gora da aka tsayar a tafin hannu. Ina kallon dogaran ƙarfen suna ɗan rangaji, shi kuma ya riƙe shingen da hannu biyu, ya daina dariyar da ya hau da ita. Da kansa ya sauko.

Matar da ta zo daga ofishin kiyaye haɗurra ba ta yi dogon bayani ba. Ta sunkuya ta karanta allon, ta zare mukulli ta sa a aljihu, ta rataya jan tambari a kan maɓallan. Ta tambayi wanda ya yi odar injin, da kuma ko an gaya wa kamfanin haya a waje za a yi aikin. Ba a gaya musu ba. An ce musu dai a kawo lif mai kai ƙafa kaza, su kuma suka kawo mafi arha da ya kai. Daga baya aka kawo mai dogon hannu, na hau da ɗamarata a ɗaure a ƙugiyar cikin kwandon, ma'aunin iska na hannu a rataye a wuyana, muka rataya kyallayen da sassafe kafin iska ta tashi. Wannan ba abin da za a ba da labari a kansa.

Abin da ya biyo baya ne ban zata ba. Na ɗauka tunda an tabbatar da maganata shi ke nan. Ina! Ragowar makon aka tura ni jera kujeru a filin taro. Aikin Asabar da Lahadi, wanda kuɗin ƙarin awarsa nake sa rai da shi don in tura gida, aka ba wasu. Ba wanda ya ce hukunci ne. An ce jadawali ne ya zo da haka. Doka ta hana a muzguna wa ma'aikaci don ya yi maganar haɗari, kuma a ƙarƙashin dokar tarayya kwana 30 kacal gare ka ka kai ƙara. Amma ka sani, OSHA ta tarayya ba ta rufe ma'aikatan gwamnatin jiha; in jami'arka ta jiha ce, sai ka bincika ko jiharku tana da nata tsarin. Ni ban kai ƙara ba. Yaya za ka tabbatar da cewa jera kujeru ramuwa ce?

In da wani zai tambaye ni, abin da zan ce ya yi daban da ni shi ne ya rubuta. Ka ɗauki hoton allon da wayarka tun kafin ka buɗe baki, ka tura wa oga saƙo a rubuce, ka sa ofishin kiyaye haɗurra a ciki. Ba don faɗa ba. Maganar baki a tsakar fili, gaban mutane, takan koma ta girman kai: shi ba zai so a ga yaronsa ya juya shi ba, kai ma ba za ka so a ce tsoro ka ji ba. Hoto ba ya jayayya da kowa. Kuma allon nan a duba shi tun injin yana kan motar da ta kawo shi, direban bai tafi ba. Da na yi minti biyu da wuri, da an mayar da shi salin alin, ba wanda zai ji kunya.

Sai kuma batun su ogannin. Ƙa'idojin lif masu lamba A92 na ANSI, cibiyar tsara ma'auni ta Amurka, da suka fara aiki a Yunin 2020 sun ce ba mai tuƙi kaɗai ba, wanda ke sa ido a kan masu tuƙin shi ma sai an horar da shi: yadda ake zaɓen injin da ya dace da aiki, da haɗurran kowane iri. Sun ce a tantance haɗarin wurin kafin a fara, a kuma tanadi yadda za a sauko da mutum in inji ya maƙale a sama. A wurinmu an kashe kuɗi a kan mu masu hawa, an bar mai cewa a hau bai taɓa zama a ajin ba. Shi ya sa ya haddace 28 daga bakinmu, bai san da sifili ba. Ban ma ga laifinsa can can ba a kan rashin sanin. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne an nuna masa da yatsa, ya gani, ya ce minti ashirin.

Yanzu an ƙara layi biyu a takardar odar haya: ciki ko waje, da irin ƙasar da injin zai taka. An tura shi da sauran ogannin horo, ya dawo yana tambayar mutane ko sun duba allo, kamar shi ya ƙirƙiro abin. Muna gaisawa. Kuɗin ƙarshen makon nan kuwa har yau ba wanda ya ɗaga maganarsu.