Lahadi a Calgary ta Kanada: musun 'yan bayan hokin ƙanƙara

Da la'asar na leƙa gidan Yaya duk da ƙanƙarar da ta kwana tana zuba. Ban gama cire takalmi ba ɗansa ya tare ni, shi da yake tsaron baya a ƙungiyar hokin unguwarsu. "Baffa, tsakanin Cale Makar da Quinn Hughes, wa ya fi iya kai hari?" Na san inda ya dosa. Makar haifaffen garin nan ne, yaran Calgary kuwa ba sa son a haɗa shi da kowa.

Na ce masa a takarda kunnen doki ne: Hughes ya tara maki 92 da Vancouver a kakar 2023-24, Makar ma 92 da Colorado a kakar da ta biyo, kowa ya ɗauki kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya a shekararsa. Amma a NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, maki ɗaya ake ba wanda ya ci, ɗaya ga kowane cikin mutum biyu na ƙarshe da suka miƙa faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo kafin ya shiga raga. Cikin 92 ɗin Hughes, 17 ne kawai ya zura da kansa. Makar ya zura 30, abin da ɗan baya bai yi ba tun Mike Green a 2009. Hughes mai rarraba wasa ne, yana yawo a kan shuɗin layin da ke bakin yankin abokan hamayya har sai ƙofa ta buɗe. Makar shi yake fasa ƙofar. Yaro ya washe baki.

Sai na ɓata masa rai da Erik Karlsson. Maki 101 a kakar 2022-23, a San Jose, ƙungiyar da take can kusa da ƙasan tebur. Rabon da ɗan baya ya kai 100 tun Brian Leetch a 1992. Makar yana miƙa wa Nathan MacKinnon, gwarzon ɗan gaban Colorado, kuma idan aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti 2 suka zama biyar da huɗu, maki zubowa suke yi. Karlsson bai da irin wannan gata. A wurina kakarsa ta fi nauyi, ko da yake ana zura wa San Jose ƙwallaye ba ƙaƙƙautawa yana kan ƙanƙara, wannan kuma wani musun ne daban.

Yaya, da na zaci barci yake a kujera, ya ce duk yara ne. Ya kawo Paul Coffey da ci 48 a Edmonton a kakar 1985-86. Na ce ai da Wayne Gretzky, wanda ya fi kowa maki a tarihin NHL, yake wasa, Yaya. Bai kula ni ba, ya wuce kan Bobby Orr: maki 139 a 1970-71, Norris 8 a jere, kuma shi kaɗai ne ɗan bayan da ya taɓa fin kowa maki a gasar, har sau biyu. Nan dai ba wanda ya ce uffan.

Matar Yaya ta sauke tuwo da miyar kuka. Yaron ya ci a gurguje saboda yana da atisaye gobe da asuba, kuma wai ni zan kai shi, motar babansa ta ƙi tashi saboda sanyi.